Mujiya a Hannun Masu Bincike: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya a samu tsuntsun da aka fi tsoro a ƙasar Hausa kamar mujiya, kuma da wuya a samu tsuntsun da masana suka fi shiga cikin kunnensa da idonsa da wuyansa kamarta. Kusan duk abin da ke sa gaban mutum ya faɗi idan ya gan ta, wato kallon nan nata da juya kai da saukowa babu motsi, an auna shi an gano yadda yake aiki. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Mujiya iri nawa ce a duniya, kuma waɗanne ne namu?

Akwai kimanin iri 250, kuma suna kowace nahiya ban da Antatika. Masana sun raba su gida biyu. Gida na farko ƙarami ne, wajen iri 20, shi ne na farar mujiya mai faffaɗar fuska wadda ke kwana a rufin gini da hasumiyar masallaci da kangon gida. Sunanta na kimiyya Tyto alba. Sauran duka, sama da iri 200, suna gida na biyu. Mafi ƙanƙanta tana hamadar kudu maso yammacin Amurka da Meziko, nauyinta kimanin giram 40 ne. Mafi nauyi tana kama kifi ne a kogunan gabashin Rasha da arewacin Japan, tana iya haura kilo 4.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, bayan farar mujiya, akwai babbar nan mai ruwan toka da tukkaye biyu a ka, wadda ke son duwatsu da gefen gari. Akwai wadda ta fi ta girma, mafi girma a Afirka duka, mai fatar ido ja-ja. Ita wannan har bushiya take ci, ta feɗe fatar mai ƙaya ta yar a ƙarƙashin bishiya. Akwai wata 'yar ƙarama mai ɗigo-ɗigon fari da ke farauta ko da rana, tana da baƙaƙen tabo biyu a ƙeya kamar idanu. Akwai mai farar fuska da baƙin zagaye, wadda in ta ji tsoro take miƙewa ta tsuke jiki ta rufe ido har ka ɗauka guntun reshe ne. A bakin manyan koguna masu dogayen itatuwa akwai jar mujiya mai kamun kifi. Sannan akwai baƙuwa: wata ƙarama da ke haihuwa a kudancin Turai, ta tsallako Sahara ta yi lokacin sanyi a wajenmu.

Gaskiya ne ba ta gani da rana?

Ba gaskiya ba ne. Tana gani sarai. Abin da ke sa ta lafe da rana shi ne abincinta da dare yake fitowa, kuma fitar rana na jawo mata fitinar sauran tsuntsaye.

Sai dai akwai gyara ta ɗaya ɓangaren ma. Ana yawan cewa idonta ya ninka na mutum sau ɗari a duhu. Graham Martin, wani masani a Ingila da ya auna wannan a shekarun 1970 kan mujiyar dajin Turai, ya samu cewa fifikon bai wuce ninki biyu zuwa uku ba. Idon babba ne, dogo ne ba zagayayye ba, cike yake da ƙwayoyin da ke kama ɗan haske kaɗan, amma a duhun da babu haske ko kaɗan ita ma ba ta ganin komai. Martin ya kawo wani bayani da nake ganin ya fi kama hankali: mujiyar daji tana zama wuri ɗaya duk rayuwarta, ta haddace kowane reshe da kowane kututture, saboda haka sanin wuri ne ke cike abin da ido ya gaza. Wani abin kuma, ba ta ganin abu na kusa da kyau. Idan ta riƙe ɓera a ƙafa, da 'yan gashin da ke gefen bakinta take lalubarsa.

To da me take kama ɓera a cikin baƙin duhu?

Da kunne. Nan ne binciken mujiya ya fi zurfi, kuma labarinsa ya cancanci a ba shi lokaci.

A ƙarshen shekarun 1950 wani matashin mai bincike a Amurka, Roger Payne, ya toshe duk wata kafar haske a wani babban ɗaki, ya shimfiɗa busassun ganye a ƙasa, ya ajiye farar mujiya a kan sanda, ya saki ɓera. Ɓera na motsi ganye na ƙara. Da ya tsaya, sai a ji saukar mujiya. A kunna fitila, ga ɓera a ƙafarta. Masu shakka suka ce ƙila wari take bi, ko ɗumin jikin ɓeran. Sai Payne ya dunƙule takarda daidai girman ɓera, ya ɗaura mata zare ya ja ta cikin ganyen. Takarda ba ta da ɗumi, ba ta da warin ɓera, amma mujiya ta dira a kanta. Da ya toshe mata kunne ɗaya kuwa, sai ta riƙa sauka a gefe. Daga baya Masakazu Konishi ya ƙara wani gwajin: ya sa ɓera ya yi tafiya a kan katifar soso inda ba a jin takunsa, da 'yar takarda ɗaure a bayan jelarsa tana ƙara. Mujiya ta bar ɓeran ta kai wa takardar hari.

Yadda abin ke aiki shi ne, faffaɗar fuskar nan tata ba ado ba ce. Gashi ne masu tauri da aka jera suna tattaro sauti zuwa ramin kunne, kamar yadda dattijo ke kare bayan kunnensa da tafin hannu idan ana magana daga nesa. Ramukan kunnen kuma ba a layi ɗaya suke ba. A farar mujiya, na hagu ya ɗan yi sama kuma yana fuskantar ƙasa, na dama ya ɗan yi ƙasa yana fuskantar sama. Idan ƙara ta zo daga dama, takan riga isa kunnen dama da wani ɗan lokaci da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kuma wannan tazarar ce ke gaya mata hagu ko dama. Bambancin ƙarfin ƙarar tsakanin kunnuwan biyu shi ke gaya mata sama ko ƙasa. Da aka aske gashin fuskar, ta ci gaba da gane hagu da dama amma sama da ƙasa suka rikice mata.

A 1978 Konishi da Eric Knudsen, a cibiyar Caltech ta Kaliforniya, suka gano cewa a tsakiyar ƙwaƙwalwarta akwai taswirar sauti. Kowace ƙwaya tana amsa ƙarar da ta fito daga wuri guda kawai a sararin da ke gabanta, kuma ƙwayoyin a jere suke yadda wuraren suke a jere. Knudsen ya ci gaba da wani gwaji mai ban dariya a ido amma mai nauyi: ya sa wa 'ya'yan mujiya tabarau da ke karkatar da gani zuwa gefe da digiri 23. Cikin makonni taswirar sautin ta gusa ta daidaita da abin da ido ke nunawa. Manyan mujiyoyi ba su iya wannan gyaran sosai ba. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kafa hujja da wannan wajen bayanin abin da ya sa koyo ya fi sauƙi a yarinta.

Ba duk mujiya ke da karkatattun kunnuwa ba. Masu cin ƙwari da masu farautar rana da yawa nasu daidai suke. A can arewacin duniya kuwa akwai wata babba mai ruwan toka da ke jin motsin ɓera a ƙarƙashin dusar ƙanƙara mai kaurin kusan rabin mita, ta fasa ta ciro shi. Kuma a 2017 masu bincike a Jami'ar Oldenburg ta Jamus sun samu cewa jin farar mujiya ba ya raguwa da tsufa, har da wata mai shekara 23, saboda ƙwayoyin cikin kunnen tsuntsu suna sake tsirowa idan sun lalace. Namu ba sa yi.

Tukkayen nan biyu da ke kanta fa, ba kunnuwa ba ne?

Gashi ne kawai. Kunnuwan suna gefen fuska, a ɓoye. Tukkayen suna taimaka mata ta saje da ɓawon itace, kuma tana ɗaga su ko kwantar da su gwargwadon halin da take ciki.

Da gaske tana iya juya kanta ya zagayo gaba ɗaya?

Ba ya zagayowa duka, amma yana kai digiri 270, wato kashi uku cikin huɗu na da'ira. Dole ce ta sa: idonta a kafe yake cikin zoben ƙashi, ba ya juyawa, don haka in za ta kalli gefe sai ta juya kai duka. Ƙasusuwan wuyanta 14 ne, namu 7.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai shi ne yadda jijiyoyin jini ba sa tsinkewa. Mutum in aka murɗe masa wuya haka da ƙarfi, jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa na iya yagewa ya samu shanyewar jiki. A 2013 wata tawaga a Jami'ar Johns Hopkins ta yi wa gawarwakin mujiyoyi allurar rini ta ɗauki hoton jijiyoyin. Suka ga ramin da jijiya ke bi a ƙashin wuya ya ninka kaurin jijiyar kusan sau 10, saura iska ce, don haka tana da wurin motsi. Jijiyar kuma ba daga ƙashin ƙarshe na ƙasa take shiga ba, sai ta tsallake biyu, abin da ke ba ta sassauci. A ƙarƙashin muƙamuƙi kuma jijiyoyin kan buɗe su tara jini, ƙwaƙwalwa ta samu abin sha yayin da wuya ke murɗe.

Me ya sa ba a jin tashinta?

Tattabara in ta tashi kowa ya sani. Mujiya kuwa za ta wuce saman kanka sai dai ka ga gilmawar fari. Tun 1934 wani matuƙin jirgin sama ɗan Birtaniya, R. R. Graham, ya lissafa abubuwa uku a fiffikenta: gefen gaba na gashin farko yana da ƙananan haƙora a jere, gefen baya yana da geza mai laushi, saman gashin kuma lulluɓe yake da wani taushi da ke hana gashi yin ƙara idan ya goga ɗan'uwansa. Ƙari a kan haka fiffiken babba ne a kan jiki marar nauyi, saboda haka tana tafiya a hankali ba sai ta yi ta bugawa ba.

Masana na muhawara kan wa shirun yake yi wa aiki: don kada ɓera ya ji ta, ko don kada ƙarar fiffikenta ta toshe mata jin ɓeran? Da alama duka biyun ne. Abin lura dai shi ne masu kamun kifi, irin ta bakin kogunanmu, ba su da wannan kayan sosai, tunda kifin da ke cikin ruwa ba ruwansa da ƙarar fiffike. Injiniyoyin jirgin ƙasa mai gudu na Japan sun kwaikwayi haƙoran nan a ƙarfen da ke ɗaukar lantarki daga waya, don rage ƙarar da ke damun mazauna gefen hanya.

Shirun yana da farashi. Gashi mai taushi haka yana shan ruwa, shi ya sa farar mujiya ba ta iya farauta cikin ruwan sama mai ƙarfi, kuma in aka jera kwanaki ana ruwa 'ya'yanta na iya mutuwa da yunwa.

Menene dunƙulen gashin nan da ake gani a ƙasan inda take kwana? Kashinta ne?

Ba kashi ba ne, ta baki yake fitowa. Mujiya tana haɗiye ɓera ɗungurungum. Ba ta da jakar nan ta wuya da kaza ke tara tsaba, kuma ruwan cikinta bai kai na shaho ƙarfin narkar da ƙashi ba. Nama ya narke ya wuce, gashi da ƙashi su tsaya a ƙundu su dunƙule, bayan wasu sa'o'i ta amayar.

In ka samu na farar mujiya, baƙi ne mai ɗan sheƙi idan sabo ne, tsawonsa kamar babban yatsa. Sa safar hannu, ka jiƙa shi a ruwa, ka buɗe da tsinke. Da farko gashi ne launin toka a cakuɗe. Sai ka fara cin karo da ƙasusuwa farare tas: muƙamuƙi mai dogon haƙorin gaba ruwan ɗorawa, wannan na ɓera ne, wani siriri mai jerin haƙora masu tsini, wannan na jaɓa ne, ƙoƙon kai da aka fasa ta ƙeya, inda ta sa baki, wani lokaci bakin ƙaramin tsuntsu ko fiffiken buzuzu. Dunƙule ɗaya kan ɗauki dabba biyu zuwa huɗu. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, domin ragowar ɓera ce.

Da wannan ake sanin abincin mujiya ba tare da an kashe ko ɗaya ba, kuma da shi ake sanin irin ƙananan dabbobin da ke wani yanki. Masu tonon tarihi ma suna amfana. A kogunan dutse na Afirka ta Kudu, inda mujiyoyi suka yi dubban shekaru suna kwana, ƙasusuwan da suka tara sun nuna ko wurin daji ne ko fili a zamanin da, tunda kowane irin ɓera da wurin da yake so.

Tun yaushe take duniya, kuma su wa ne danginta a cikin tsuntsaye?

Masu nazarin burbushin ƙasusuwa suna sa ta cikin tsofaffin gidajen tsuntsayen da ke raye. Ƙashin ƙafa mafi tsufa da aka danganta da ita an tono shi ne a jihar Kolorado ta Amurka, an ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 60, wato ba da daɗewa ba bayan ƙarewar dainoso, manyan dabbobin nan na zamanin da, shekaru miliyan 66 da suka wuce. An samu wasu masu kusan wannan tsufa a Faransa. A 2020 Gerald Mayr da abokan aikinsa suka bayyana wata daga jihar Wayomin mai shekaru miliyan 55, wadda farcen yatsunta biyu ya fi sauran girma irin na shaho, alamar da ƙafa take kisa. Na yanzu faratansu kusan kai ɗaya ne, suna matse abin da suka kama su ƙarasa shi da baki. A 2022 aka bayyana wata daga lardin Gansu na Sin, mai shekaru sama da miliyan 6, wadda zoben ƙashin idonta ya nuna da rana take farauta. A tsibirin Kuba kuma an taɓa yin wata mai tsawon kusan mita ɗaya, mai dogayen ƙafafu da gajeren fiffike, da alama a ƙasa take bin abincinta.

Batun dangi kuwa, an daɗe ana haɗa ta da yautai, tunda duka na dare ne masu manyan idanu da gashi mai taushi. Binciken ƙwayoyin gado ya rushe wannan. Babban aikin da aka buga a 2014 kan tsuntsaye iri 48 ya sa mujiya a reshe ɗaya da shirwa da gaggafa da ungulu, tare da burtu, cilakowa, alhudahuda da maƙwaƙƙwafi. Kamannin da ke tsakaninta da yautai, zaman dare ne kawai ya jawo su. Haka ma karkatattun kunnuwan nan: ba gado ɗaya ba ne, sun ɓullo daban-daban sau da dama a gidajen mujiya, wasu a fata kawai, wasu har ƙoƙon kan ya karkace.

Ana iya ganin irin wannan sauyi yana faruwa a yanzu?

Akwai misali mai kyau daga Finlan. Mujiyar dajin can kala biyu ce, mai ruwan toka da mai ruwan ƙasa, kuma kalar gado ce. A shekarun da dusar ƙanƙara ta yi yawa, masu ruwan ƙasa sun fi mutuwa. Patrik Karell da abokansa suka duba bayanan shekaru kusan 30, suka buga sakamakon a 2011: yayin da sanyin ƙasar ke raguwa, masu ruwan ƙasa sun tashi daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa kusan rabi.

A Siwizalan kuma, tawagar Alexandre Roulin ta Jami'ar Lozan ta duba abin da ya sa tsuntsun dare zai zama fari fat, abin da a hankalce ya kamata ya tona masa asiri. A 2019 suka nuna cewa a daren farin wata, hasken da ke dawowa daga farin ƙirjin yana sa ɓera ya daskare wuri ɗaya na tsawon lokaci, mujiya ta samu damar cafke shi. Masu jan ƙirji kuwa farautarsu raguwa take yi a irin wannan dare.

Yaya take haihuwa da reno?

Mujiya ba ta saƙa sheƙa. Tana neman kogon kuka ko ramin dutse ko rufin gini, ko ta gaji sheƙar wani. Wani bincike da aka buga a 1986 daga tsakiyar Mali ya bi fararen mujiyoyi da ke haihuwa a cikin manyan sheƙunan wani tsuntsun bakin ruwa mai kai kamar guduma. Ƙwanta fari ne. Farar mujiya kan yi 4 zuwa 7, ɗaya bayan kwana biyu ko uku, kuma tana fara kwanci tun daga na farko. Bayan kusan wata guda sai su riƙa ƙyanƙyashewa bi da bi, har babban ya girmi autan da mako biyu ko fiye. In shekarar ɓera ce duka su rayu. In babu, ƙananan ne ke tafiya. Macen, wadda a yawancin mujiyoyi ta fi namijin girma, ita ke kwanci, shi kuma yana kawo abinci.

Roulin ya gano wani abu a nan ma. Kafin iyaye su dawo, 'ya'yan suna ta huci wa juna. Wanda ya fi jin yunwa ya fi tsawaita nasa, sauran su ja baya su bar masa ɓeran da za a kawo, maimakon a yi kokawa. Wannan hucin ne mutane ke ji daga silin da tsakar dare su ce gidan da aljanu.

Me ya sa sauran tsuntsaye ke taruwa a kanta?

Duk wanda aka ce an mayar da shi mujiya ya san daga inda maganar ta fito. Ƙananan tsuntsaye da hankaki suna gane mai cin su da 'ya'yansu da dare. In suka same ta da rana sai su yi mata ca, suna ihu suna kai bugu, har ta bar wurin. Hakan yana sanar da kowa inda take, yana kuma koya wa 'ya'yansu kamannin abokin gaba. Masu kallon tsuntsaye suna bin wannan hayaniyar su gano inda ta ɓuya.

Kukanta a kan gida yana nufin za a yi mutuwa?

A'a. Kuka na neman abokin zama ne, ko shelar cewa wurin nan da mai shi, ko 'ya'ya ne ke neman abinci. Farar mujiya ba ta yin kukan nan mai zurfi, nata wani dogon ƙaraji ne mai kama da ihu, kuma na yarda ba shi da daɗin ji da ƙarfe biyun dare. Tana sauka a kan gida ne saboda inda mutum yake nan hatsi yake, inda hatsi yake nan ɓera yake. Ta yi kuka dare ɗari babu abin da ya faru, ba wanda ya ƙirga. Ranar da aka yi rashi sai a tuna. Maƙabarta kuma tana da tsofaffin itatuwa da ciyawa da ɓeraye, kuma ba mai damun ta a can.

Camfin ba namu kaɗai ba ne, Larabawan jahiliyya ma suna da shi. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (S.A.W.) ya kore camfi ya kuma kore "hama", kuma malaman sharhi da dama sun ce ita ce mujiyar da ake ɗauka tana shelar mutuwa in ta sauka a kan gida.

Tana da wani amfani ga manomi?

Sosai. Wani bincike a gonakin inabi na Kaliforniya ya ƙiyasta cewa gida ɗaya na farar mujiya, uwa da uba da 'ya'ya, yana cin ɓeraye sama da 3,000 a shekara. A Malesiya an daɗe ana kafa mata akwatunan kwana a gonakin kwakwar manja. A Isra'ila an fara hakan a farkon shekarun 1980, akwatunan suka kai dubbai, daga baya manoman Jodan da na Falasɗinu suka shiga, duk da cewa su ma sun gaji camfin. Akwatin katako ne mai ƙofa ɗaya, a kan dogon ƙarfe a tsakiyar gona.

A wurare da yawa na Afirka, babban abincinta shi ne ɓeran nan mai nonuwa da yawa, wanda ke tone irin masara ya shiga rumbu, kuma shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Kada a wuce gona da iri: mujiya ba za ta ƙarar da ɓera ba, kuma ba ta maye gurbin rufe abinci da tsaftar gida. Amma ma'aikaciya ce da ke fita kowane dare ba a biyan ta, kuma jifan ta asara ce tsagwaronta.

Me ke kashe ta?

Yawancin 'ya'yan ba sa cika shekara, yunwa da mota ke ɗauke su. Sai maganin ɓera, musamman irin wanda ke hana jini daskarewa: ɓeran da ya ci yakan yi kwanaki yana tangaɗi, shi ne mafi sauƙin kamu, gubar ta taru a hantar mujiya. A Birtaniya mafi yawan gawarwakin farar mujiya da ake gwadawa ana samun gubar a jikinsu. A wajenmu akwai sare manyan itatuwa masu kogo, da kisa don tsoro, da kasuwar masu tsibbu inda ake shanya kawunansu da ƙafafunsu.

Wani lokaci kuma 'yar'uwarta ce matsalar. A dazukan arewa maso yammacin Amurka, mujiya mai ɗigo-ɗigo ta shiga jerin masu fuskantar barazana a 1990 saboda sare tsofaffin itatuwa. Aka rage saran, sai wata mai ratsi-ratsi da ta yaɗo daga gabas, wadda ta fi ta girma da rashin zaɓen abinci, ta riƙa ƙwace mata wuri. A 2024 hukumar kula da namun daji ta ƙasar ta amince da shirin harbe har kusan 450,000 na masu ratsi-ratsin a tsawon shekaru 30, kuma masu kare dabbobi sun rabu biyu a kai.

Akwai sauran abin da ba a gano ba?

Akwai, kuma a kusa da mu. A 2022 aka bayyana sabon iri daga tsibirin Firinsife da ke mashigin tekun Gini. Mutanen wurin sun daɗe suna ba da labarinta, masana sun daɗe suna jin wani kuka da ba su san mai shi ba, sai a 2016 aka ɗauki hotonta. An sa mata suna bikegila, laƙabin ma'aikacin gandun dajin da ya jagorance su. A Oktoban 2021 kuma, a dajin Atewa na Gana, Joseph Tobias da Robert Williams suka ɗauki hoton wata ƙatuwar mujiya da aka fara bayyanawa tun 1872 amma kusan ba wanda ya sake ganin ta da tabbaci. Hayaniyar ƙananan tsuntsaye ce ta nuna musu inda ta sauka.

Da yake kamanninsu na rikitarwa, yanzu da kuka ake rarrabe iri da iri. Ana rataye ƙananan na'urorin naɗar sauti a daji su kwana suna aiki, kwamfuta ta tace. Ana ɗaura wa wasu na'urar bin sawu a baya. Ana ma haska fiffike da fitila ta musamman, sabon gashi ya yi ja-ja, tsoho ya dushe, a san shekarun tsuntsun. A Najeriya cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos tana horar da ɗalibai tare da Jami'ar Jos, kuma tana karɓar bayanan masu sa kai don taswirar tsuntsayen ƙasar. Ɗalibin da ya tattara dunƙulen aman mujiya daga rumbunan ƙauyensu na shekara guda, ya tantance ƙasusuwan, ya yi aikin digiri mai kyau da kuɗi kaɗan.

Na tsinci ɗan mujiya a ƙasa. Me zan yi?

Duba irinsa tukuna. 'Ya'yan mujiyoyin itace sukan bar sheƙa kafin su iya tashi, suna hawa reshe da baki da farce, kuma iyayen na kusa. Irin wannan ka ɗora shi a reshe inda kare da kyanwa da yara ba za su kai ba, ka tafi. Ɗan farar mujiya kuwa, mai farin gashi kamar auduga da doguwar fuska, iyayensa ba sa ciyar da shi a ƙasa, sai an mayar da shi ramin da ya faɗo. Riƙe shi da tsumma ta baya, ka kula da ƙafafun domin nan ne makaminsa, ba bakin ba. Taɓa shi ba zai sa uwar ta ƙi shi ba. Kada ka ba shi madara ko tuwo ko tsaba, kada kuma ka ɗura masa ruwa, yana iya shiga huhunsa. Ka mayar da shi kafin magariba, lokacin da iyayen ke fara kawo abinci.